Akurki Mai Taya: Abin Da Za Mu Ɗauko Daga Ingila Da Wanda Za Mu Bar Musu

A nan Ingila, mai kiwon kaji uku ko huɗu a bayan gida yakan yi musu akurki mai taya, yana jan sa daga wannan gefen ciyawa zuwa wancan. 'Yan'uwa a gida sukan ga hotonsa a waya, su kai wa kafinta su ce a buga musu irinsa sak. A ganina wannan ɓarnar kuɗi ce. Dabarar matsar da akurki tana da amfani a wurinmu ƙwarai, amma siffarsa an tsara ta ne saboda dilan Turai (fox) da ruwan sama da laka. Mu kuwa zafi ne ke kashe mana kaji, shirwa ta kwashe tsaki, gara ta cinye katako.

Awon dai ɗaya ne ko'ina. Tsawo ƙafa 8, faɗi ƙafa 4, zai ɗauki kaji huɗu masu ƙwai, kada a ƙara. A gefe guda a yi ɗakin kwana mai faɗin ƙafa biyu da rabi, a ɗaga daɓensa ƙafa ɗaya da rabi daga ƙasa don su samu inuwa a ƙarƙashi. Sandar da za su hau su kwana, kowace kaza tana buƙatar kusan ƙafa ɗaya, a goge kaifin gefen katakon don kada ya ji musu ciwo a tafin ƙafa. Akwatin ƙwai guda ɗaya, ƙafa ɗaya ta kowane ɓangare, ya ishe su. Amma lallai sandar kwana ta fi akwatin tudu, domin kaza wuri mafi tsayi take nema da dare. Idan akwatin ne a sama, ciki za ta kwana, ka wayi gari ƙwai duk kashi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne nauyi. Kafinta yana son aikinsa ya yi ƙarko, sai ya zuba katako 2x4 (inci biyu da inci huɗu) ko'ina, ya lafta filawud mai kauri, a ƙarshe maza biyu ne za su iya motsa shi. Akurkin da ke buƙatar maza biyu kuwa ba za a matsar da shi ba, mako ɗaya zai yi ya zama na girke. A yi firam da 2x2, a bar 2x4 ga dogayen katakai biyu na ƙasa kaɗai, filawud mai kaurin milimita 9 ya wadatar. Ma'auni na gaskiya shi ne uwargida ko yaro ɗan sakandare ya iya ɗaga gefe ɗaya shi kaɗai. A sa katakon tokare a karkace a kowace kusurwa, a ɗaure da sukuru maimakon ƙusa, saboda ja da girgiza suna zare ƙusa sannu a hankali har firam ya karkace, ƙofa ta daina rufuwa. Tayoyi biyu irin na baro su zauna a ɓangaren ɗakin kwana, inda nauyin yake, hannaye biyu a ɗaya gefen. Kuma a yi su yadda za a iya ɗage su ko a zare su bayan an ja, in ba haka ba za su bar rata tsakanin akurki da ƙasa, ɓera ya shiga, tsako ya fita. A riƙa ja da sassafe tun suna cikin ɗakin kwana, don kada katakon baya ya danne ƙafar wata.

Ragar waya mai ido mai kusurwa shida, wadda aka fi sayarwa da sunan wayar kaji, tsare kaza kawai take yi. Dila yana yaga ta da haƙori, shi ya sa masu kiwo a nan suke sayen raga mai walda, mai ido rabin inci, su kuma shimfiɗa wani sashe nata a ƙasa, ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kewaye da akurkin, don hana shi tono. Ragar mai walda ta dace da mu, ita ce maganin muzuru da tunku da gafiya da macijin da ke bin ƙwai. Shimfiɗar ƙasan ce ba dole ba ce a tsakar gida mai siminti.

Bambanci mafi girma yana wajen bango da rufi. Bature yakan rufe ɗakin kwana da katako ta ko'ina, ya bar 'yan kafofin iska a sama don danshi ya fita. Ka yi haka a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ka rufa da kwano tsirara, kajin za su buɗe baki suna haki, su saki fukafukai, ƙwai ya tsaya, wasu su mutu da rana tsaka. Kaza ba ta gumi. A wurinmu ɓangare uku na ɗakin kwana su zama raga, kwanon ya zarce bango da ƙafa ɗaya, a ɗora zana a samansa da 'yar tazara tsakani. Da hunturu sai a rataya buhu ta inda iska ke bugowa. Mazubin ruwa a rataye shi a inuwa, domin kaza ɗaya kan sha kusan rabin lita a ranar zafi.

Wani zai ce ai ba mu da ciyawar da za a riƙa bi. Gaskiya ne, amma dalilinmu na matsarwa ya fi nasu ƙarfi. Akurkin ƙasa na gargajiya yana tsattsagewa, ƙwarin da ke tsotson jinin kaji da dare su ɓuya cikin tsagar, ba ya wankuwa, ba ya ɗaguwa. Mai taya kuwa za ka zare sandar kwana ka goge, ka bar shi a rana, ka share kashin ka kai lambu. Kana bin inuwar darbejiya da shi safe da yamma. Uwa da 'ya'yanta su yi mako shida zuwa takwas na farko a ciki, lokacin da shirwa ta fi yi mana ɓarna. Inda akwai ciyawa, a matsar duk kwana ɗaya ko biyu, kada a koma gurbi guda sai bayan mako uku zuwa huɗu.

Akwai abin da raga ba ta tsarewa. Cutar Newcastle, wadda ke share kajin unguwa da hunturu, rigakafi take so, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana yin sa. A Ingila murar tsuntsaye ce abin tsoro: daga 1 ga Oktoba 2024 ko kaza ɗaya gare ka sai ka yi rajista da hukuma, kuma haramun ne a doka ka ba su ragowar abincin kicin, abin da zai ba duk wanda ya tashi yana watsa wa kaji ƙanzo mamaki.

Saura gara. Katakon da ake sayarwa a nan don aikin waje an riga an tsuma shi da magani, na kasuwanninmu yawanci ba haka ba ne. A ɗora katakan ƙasa a kan siminti ko daɓaɓɓiyar ƙasa busasshiya, a riƙa duba ƙarƙashinsu duk lokacin da aka ja. Wanda ke da hali ya kai wa mai walda ya yi firam ɗin ƙasa da siririn bututun ƙarfe, sama kuma a yi da gwangwala ko gora, waɗanda suka fi katako sauƙin ɗauka.