Latin Ba Sharaɗin Ibadar Katolika Ba Ne

Wata magana da nake yawan ji a Katsina tana damuna: wai Latin a wurin 'yan Katolika tamkar Larabci ne a sallah, in babu shi ibada ba ta yi ba. Masu faɗa suna da hujja, domin cocin Roma ya shafe ƙarnoni yana ibada da Latin kusan ko'ina. Sai dai Yesu da Aramiya ya yi magana, Sabon Alkawari kuma da Girkanci aka rubuta shi; fassarar Latin ta Jerome, wani malamin coci, sai ƙarshen ƙarni na 4. A 1963 Taron Vatican na Biyu, babban taron shugabannin cocin Katolika, ya ba harsunan gida dama a ibada, bai kuma soke Latin ba. Shi ya sa ɗan Katolika a Malumfashi ke ibadarsa da Hausa, in kuwa ya je Roma, ya karanta addu'ar Ubanmu da Latin tare da mutumin Brazil.