Sankarar dubura: abin da kuɗi ke saya wa majinyaci lokaci ne

A Zariya an ɗauka cewa mai hali, da ke zuwa asibitin kuɗi, ya fi samun lafiya saboda likitansa ya fi ƙwarewa. A kan sankarar dubura dai wannan zato bai tsaya da ƙafarsa ba. Maganin ɗaya ne ko'ina: gashi da na'ura, wato ƙona sankarar da haske mai ƙarfi (radiotherapy), tare da magunguna biyu, mitomycin da 5-FU, ko ƙwayar capecitabine a madadin na biyun. Tun 1974 likita Norman Nigro a Amurka ya nuna cewa wannan haɗi na iya narkar da ƙarin ba tare da an yanke dubura ba.

Inda mai hali da talaka ke rabuwa shi ne kwanakin gashin. Ana yin sa kamar sau 28, Litinin zuwa Juma'a, cikin mako biyar da rabi, kuma ba a so ya yanke, domin duk hutun da aka yi, ƙwayoyin sankarar da suka rage suna sake yaɗuwa. Na'ura ta lalace, ko a shiga yajin aiki, ko kuɗin magani ya ƙare a mako na uku: mai hali ya kama hanyar Abuja ko Legas ya ƙarasa, talaka ya koma gida yana jiran kira. Idan gashi bai yi aiki ba, abin da ya rage tiyata ce, a cire duburar, a buɗe hanyar bayan gida a gefen ciki, da jaka har iyakar rai.

Amma kada a ce asibitin kuɗi duk alheri ne. Mafi yawansu ba su da na'urar gashi. Kuma a ƙananansu ne ake yi wa mutum aikin “basir” ba a yanki tsoka an kai ɗakin gwaji ba, bayan ya shafe watanni yana shan jiƙo saboda kunya. Jini ko ƙari da ya ƙi tafiya, musamman ga mai cutar HIV, yana bukatar likita ya duba da yatsa, a kuma gwada tsokar.

Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana cikin cibiyoyin da aka fara asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, sai dai an fara shi ne da sankarar mama, bakin mahaifa da mafitsarar maza (prostate). Ya kamata a sanya ta dubura, a kuma tanadi yarjejeniyar tura majinyaci wata cibiya cikin kwanaki idan na'ura ta tsaya, gwamnati ta biya kuɗin.