Wai Mai Dakon Mai Bai Yi Yaƙi Ba

Na yi niyyar in kame bakina a kan abin da ya faru a majalisarmu ta Titin Bauchi daren Talata, amma tun da wanda ya yi katoɓarar bai ga laifinsa ba, har ma ya samu masu buga masa ganga a nan, to bari in faɗi tawa. Dattijo ya shekara 35 sanye da kaki, ya je Laberiya, ya je Saliyo, sannan yaron da iyakar saninsa da yaƙi shi ne wasan harbe-harbe na wayar salula ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Baba, ai ku ba yaƙi kuka yi ba, dakon mai kuka yi." Aka bushe da dariya. Baba bai ce komai ba illa, "Haka ne, ɗana." Ya shanye sauran shayinsa, ya ajiye kofin a kan benci, ya naɗe dardumarsa, ya bi layin gidansa. Yau kwana uku ke nan bai dawo ba.

Madalla da wannan zurfin ilimi. Ashe tankar yaƙi da addu'a take tafiya, jirgin sama kuma da kirari yake tashi. To tun da masananmu sun fi son labarin jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus, waɗanda kullum ake yi mana lacca a kansu a majalisa kamar da wani aka gina su, bari mu tsaya a can ɗin, mu ga ko wane ne ya riƙe musu rai.

Jirgin ƙarƙashin ruwa na zamanin Yaƙin Hitila, idan aka bi gaskiya, jirgin saman ruwa ne da yake iya nitso na ɗan lokaci. Yawancin tafiyarsa a sarari yake yin ta da injin dizal, idan ya nutse sai ya koma kan batir, batirin kuwa ba ya daɗewa sai an sake fitowa an caja shi da wannan injin dai. Saboda haka komai nasa a kan mai ya rataya. Jirgin da ya tashi daga Lorient ko Saint-Nazaire a gaɓar Faransa zai yi sama da mako biyu kafin ya isa gaɓar Amurka, kuma dole kyaftin ya ware man komawa gida kafin ya fara tunanin farauta. Abin da ya rage a tsakani shi ne kwanakin yaƙinsa. Ko da ya fi kowa jarumta a duniya, ranar da injiniyansa ya duba tanki ya ce masa saura na komawa, ranar ce yaƙinsa ya ƙare. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shugaban rundunar jiragen nitson Jamus, Admiral Karl Dönitz, ya san da haka, shi ya sa tun farko Jamus ta baza tankokin mai a lunguna na Tekun Atlantika inda ba a cika zirga-zirga ba. Da irin wannan tallafi ne jirgin U-107 ya daɗe yana ɓarna a kusa da Freetown a shekarar 1941, har ya nutsar da jiragen kaya 14 a fita guda. Kowa ya san sunan jirgin da ya yi harbin. Ban taɓa jin wani a majalisa ya ambaci Egerland ba, tankar da ta shayar da shi a tsakiyar teku. Ingilishi kuwa sun san sunanta sarai. Bayan sun nutsar da babban jirgin yaƙin Jamus, Bismarck, a watan Mayu na 1941, sai suka bi tankoki da jiragen guzurin Jamus ɗaya bayan ɗaya cikin watan Yuni, har da Egerland ɗin da Esso Hamburg da Belchen. Ga mutanen da ke da manyan jiragen yaƙi da za su fuskanta, amma suka tura sojojinsu neman 'yan dakon mai. Ko dai ba su da hankali, ko kuma sun san abin da yaronmu bai sani ba.

A ƙarshen wannan shekara aka sake kwatawa a kudancin Atlantika. Ranar 22 ga Nuwamba jirgin Birtaniya Devonshire ya riski Atlantis ta Jamus tana ba jirgin nitso U-126 mai, ya nutsar da ita. Wani jirgin guzuri mai suna Python, wato mesa, ya kwashi mutanenta, shi ma ranar 1 ga Disamba aka same shi yana shayar da wasu jiragen biyu, ya bi sahu. Mutum sama da 400 suka rage a kan ruwa, sai da aka cusa su cikin jiragen nitso na Jamus da na Italiya aka kai su Faransa. Farautar da aka shirya yi a wajen Afirka ta Kudu ta watse ke nan, jarumai sun koma aikin kwashe fasinja, domin an kashe mai ba su abin sha.

Tun kafin wannan ma Jamusawa sun riga sun ce tun da tankar da ke saman ruwa ba ta da maɓoya, bari a ƙera tankar da ita ma za ta iya nitso. Suka gina guda goma, samfurin da ake kira na 14, kuma sunan da matuƙa suka laƙaba mata a harshensu daidai yake da abin da Bahaushe ke cewa saniyar tatsa. Ina son masu dariyar nan su tsaya su dubi wannan jirgi da kyau. Ƙato ne mai faɗin ciki, yana ɗauke da man da ya haura tan 400 domin rabawa, da abinci, da kayan gyara, da bama-baman ƙarƙashin ruwa guda huɗu waɗanda na wasu ne, domin shi ba a yi masa bututun harba su ba ko ɗaya. Iyakar makaminsa bindigogin kakkaɓo jirgin sama. A cikinsa akwai likita, akwai kuma gidan gasa biredi, saboda mutanen da suka yi makonni cikin danshi suna kankare fumfuna daga biredinsu kafin su ci. Na farkonsu, U-459, ya fara aiki a watan Afrilu na 1942 a wajen Bermuda, kuma a fita guda ya shayar da jirage fiye da goma. Da wannan ne ƙananan jiragen da a da ba sa iya wuce iyaka suka riƙa kaiwa har Tekun Karebiyan.

Yadda ake shayarwar shi ne abin da ya kamata a ba yaron nan labari. Jirage biyu za su fito saman ruwa a wurin da aka yi alkawari, su rage gudu, saniya tana gaba, mai sha yana baya. A jefa igiya, a ja mesar mai a ɗaura, a fara tura dizal, kuma aikin yana cin sa'o'i. Ana haka ana jigilar gwangwanayen abinci a ƙaramin kwalekwalen roba, igiyar ruwa tana dukan mutanen da ke tsaye a kan bene mai santsi, ƙofofin jirgi a buɗe. Idan jirgin saman abokan gaba ya ɓullo daga cikin gajimare a wannan hali, mai sha zai yanke mesa ya nutse cikin gaggawa, ita kuwa saniya nauyinta ba ya barin ta nutse da wuri. Mutumin da ke riƙe da wannan mesa yana zaune ne a kan ɗaruruwan tan na mai, ba shi da abin ramawa, kuma ya san cewa duk tekun nan babu wanda ake nema kamarsa. Ni dai ban san wane irin aiki ake kira yaƙi ba idan wannan dako ne kawai.

Kuma nemansa ake yi da gaske. Kowace haɗuwa sai an shirya ta ta rediyo, a faɗi wuri a faɗi rana, su kuwa masu warware saƙon sirri na Bletchley Park a Ingila, bayan duhun da suka shiga a yawancin shekarar 1942, sun dawo suna karanta saƙonnin Enigma, na'urar ɓoye saƙo ta Jamus, daga watan Disamba. Maharbi ba ya bin barewa daji-daji, bakin mashaya yake zuwa ya yi kwanto. Ingilishi ma sun yi ɗari-ɗari, suna tsoron kada yawan dirar wa wuraren haɗuwa ya tona asirin cewa ana karanta saƙonnin, amma Admiral Ernest King na Amurka ya matsa, aka tura ƙananan jiragen dakon jiragen sama irin su Bogue da Card da Core yankin tsibiran Azores. A watan Yuli na 1943 kaɗai shanu huɗu suka hallaka, biyu daga ciki, U-461 da U-462, rana ɗaya, 30 ga wata, a Mashigin Biscay. Zuwa watan Yuni na 1944 duk goman sun ƙare, ko ɗaya bai ga ƙarshen yaƙin ba. Wasu, kamar U-463 da U-488, sun tafi da kowa da kowa, babu wanda ya tsira ya ba da labari. A Tekun Indiya ma haka aka yi wa tankokin Charlotte Schliemann da Brake a Fabrairu da Maris na 1944, jiragen da suka dogara da su suka koma roƙon mai a hannun juna. Shanun nan dai goma cikin goma suka tafi. A nuna mini rukunin mayaƙan da aka yi wa irin wannan ƙarƙaf, sannan a dawo a ce mini mai dakon mai yana can baya yana hutawa.

Na san abin da za a rubuto a ƙasa, domin na fara gani. Wani zai ce ina yabon sojojin Hitila. Allah ya kiyaye. Abin da suka yi wa aiki zalunci ne, kuma gara da suka sha kaye, magana ce ta yadda yaƙi yake tafiya, ba ta wanda ya fi gaskiya ba. Idan misalin ne bai yi muku ba, ku juya Tekun Fasifik, inda jiragen nitso na Amurka suka mai da hankali kan tankokin da ke kai wa Japan mai, har manyan jiragen yaƙinta suka koma zaman tasha. Wani kuma zai ce wannan tsohon zance ne, yanzu akwai jirage masu makamashin nukiliya da ba sa shan mai. Haka ne, amma matuƙan ba nukiliya suke ci ba, idan abinci ya ƙare dole a dawo, kuma har gobe Amurka tana riƙe da jiragen hidima irin su Emory S. Land da Frank Cable domin kula da jiragenta na nitso. Mai cewa ai Najeriya ba ta da jirgin ƙarƙashin ruwa ko ɗaya, na ji, na gode da sanarwa, sai dai tana da motocin soja, kuma ban ji an ce da ruwan famfo suke tafiya ba.

Abin da ya sosa mini rai, a gaskiya, shi ne shirun Baba. Na san shi tun ina yaro, kuma sau ɗaya tak na taɓa jin ya yi zancen abin da ya gani. Ya ce idan ayari ya tashi, kowa so yake motarsa ta yi nesa da tankar mai, domin kowa ya san inda harbin farko zai sauka, shi kuwa a cikinta yake, hannunsa a kan sitiyari. Ya faɗi haka yana murmushi, ya canza magana. Mutum irin wannan ba zai tsaya jayayya da sa'an jikansa ba, shi ya sa ya ce "Haka ne, ɗana." Mu da muke zaune a wurin, muka san shi, muka kuma bari dariyar ta wuce ba tare da ɗayanmu ya tsawatar ba, mu ne ya kamata mu ji kunya, kuma ni ne na farko. Gobe bayan la'asar zan je gidansa, wanda yake ganin ya dace ya zo mu tafi tare, har da mai maganar idan yana da sauran ta ido.

Saura masu cewa me ya haɗa mutumin Jos da teku, alhali ko babban kogi ba mu da shi. Kuzar da aka haƙa a nan ta ina take fita? Bayan Japan ta ƙwace Malaya da Singafo a farkon 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato, aka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a ma'adinai har zuwa 1944, da yawa kuma sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. A loda kuzar a jirgin ƙasa, ta bi ta Kafanchan zuwa Fatakwal, daga nan ta hau tekun da jiragen nan suke kwanto a ciki. A wannan gaɓa tamu ce U-515 ya nutsar da jirage bakwai na ayari guda da ya taso daga Takoradi zuwa Freetown, a daren 30 ga Afrilu na 1943 zuwa wayewar gari. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda aka kawo daga ƙasar Katsina a wancan ɗiban, shi ne ma dalilin zamanmu a garin nan, kuma har ya rasu bai daina zancen sanyin Bukuru ba, wai da buhu suke lulluɓa. Duk lokacin da na wuce kududdufan da ke hanyar Barikin Ladi sai na tuna ban taɓa ɗaukar muryarsa ba, ga shi 'yan'uwana kowa da irin yadda yake ba da labarin. Idan akwai wanda tsohonsa ya yi wannan aiki kuma yana raye, ko akwai tsohon hoto ko takardar sallama a gida, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan zo da kaina ko a Barikin Ladi ne.