Mun hana yara ruwa, ruwa bai daina cin su ba

Duk wanda ya tashi a Zariya ya san dukan kududdufi. Ka dawo gida ido ja wur, ƙafa fari fat, Inna ta karci hannunka da farce, farin layi ya fito, shi ke nan asiri ya tonu, sai dorina. Ni na sha ta a Tudun Wada har na daina ƙirga. Amma ban daina zuwa ba, haka ma abokaina. Abin da dukan ya koya mana shi ne shafa mai kafin mu shigo gida. Cikinmu wanda ya iya iyo da kansa ya koya, a ɓoye, babu babba ko ɗaya a bakin gaɓa. Kuma kusan kowace damina sai an ji ruwa ya ci ɗan wani.

Shi ya sa nake cewa lokaci ya yi da za a koya wa matasanmu ruwa da tuƙin kwale-kwale a fili, da tsari, da izinin iyaye. Na san za a ce Zariya ina teku? Ba teku muke nema ba. Ga Galma, ga dam ɗin Shika, ga na Kubanni cikin jami'ar Ahmadu Bello. Ruwan da yaro ɗan shekara 14 zai koyi riƙe filafili bai fi haka ba.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Man O' War ɗin da muke ganin yaranta da kaki a wajen taro, asalinta daga bakin ruwa ne: a 1951 aka kafa ta a gaɓar teku kusa da Victoria, garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru, kuma har yau cibiyar da ke kula da ita tana da makarantar teku a Apapa ta Legas, da ta dutse a Shere kusa da Jos. Ita ma koyi ta yi da Outward Bound da aka buɗe a Birtaniya a 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, don horar da samarin matuƙan jirgi su iya jure wuya a teku. Mu nan sai muka ɗauki faretin da ƙamewar, muka bar ruwan.

Alhali darasin yana cikin jirgin. Ka zuba yara shida a kwale-kwale ka ga abin mamaki. Wanda ya fi kowa ƙarfi, in ya yi tuƙinsa shi kaɗai, jirgin juyi zai dinga yi wuri ɗaya kamar ɗan maraƙi a turke. Na baya shi ke riƙe da akala, shi zai ce dama ko hagu, dole a ji maganarsa ko da shi ne ƙaramin cikinsu, ko da ubansa ɗan dako ne na gaban kuma ɗan farfesa. Gobe a sauya, wanda ya ba da umarni jiya ya koma kwarfar ruwa da ƙwarya. Kafin a tashi sai jagora ya ƙirga mutanensa, ya duba rigar kariya ta kowa, ya kalli gabas ko hadari na haɗuwa. In ya ce yau ba a fita, to ba a fita, ko abokansa za su yi masa ihu. Yaron da ya iya faɗin wannan a'a ɗin yana ɗan shekara 15, wallahi na fi yarda da shi a kan wanda ya yi taron bita goma a otal.

Ku tuna Bagwai ta jihar Kano, Nuwamban 2021. Jirgi ya kife a dam ɗin Watari, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Maulidi. Ku tuna Patigi ta jihar Kwara a Yunin 2023, ruwa ya ci mutum fiye da 100, 'yan biki. Zancen kusan ɗaya ne kullum: lodi ya wuce kima, babu rigar kariya, mafi yawa ba su iya iyo ba. Ajali gaskiya ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka.

Ba na ɓoye cewa akwai abin tsoro. Ruwan kwance na kawo tsargiya, sai an duba an kuma tanadi magani. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, don haka mai ceto sai gwani, ba kowane mai ƙarfin hali ba. 'Yan mata kuwa a ware musu ranarsu da mata masu koyarwa. Su ma ai suna shiga jirgin fito zuwa biki.

Malamai ma muna da su, ba mu ɗauke su malamai ba ne kawai. Masuntan Galma sun san inda ruwa ke murɗawa, sun san ƙullin igiya da yadda ake tayar da jirgin da ya kife. A biya su kuɗin koyarwa lokacin dogon hutu, a fara da kwale-kwale biyu da riguna 12.

Ɗana na fari ya shiga 13. Shekaranjiya ya shigo da ƙafa fara, mamansa ta ɗago ta kalle ni. Ban taɓa dorina ba. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, ni zan kai shi bakin Galma wajen wani dattijo mai jirgi.