Daga shagon gyaran fanka zuwa ajin fizik

Duk lokacin da na zo Garwa hutu sai wani ya tare ni: "Kai da sana'arka a hannu, me ka rasa da za ka koma zaman benci?" Bari in amsa a nan gaba ɗaya.

CAP na lantarki na yi, wato takardar shaidar koyon sana'a, na shiga shagon maigidana, shekara 9 ina naɗin wayar injin ban ruwa, ina gyaran fanka, ina ja wa gidaje wuta. Allah ya saka masa da alheri, duk abin da hannuna ya iya a wurinsa na samo. Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A kawo fanka tana gurnani ba ta juyawa, ka tura ta da yatsa ta tashi, maigida ya ce a canja kondansata, 'yar na'urar nan mai riƙe cajin wuta. Mu canja, ta yi aiki. Ranar da na tambaye shi dalili ya ce, "Ɗana, haka muka tarar."

A jami'ar Ngaundere, can Dang, na sami amsata. Wutar gida kai da komo take yi sau 50 a daƙiƙa, ita kaɗai ba ta da gefen da za ta fara tura fanka. Naɗin waya biyu ne a cikin injin fankar, kondansa ce ke sa wutar naɗi na biyu ta riga ta na farko, sai maganaɗisun ya riƙa zagaye yana jan fankar. Da malam ya zana wannan a allo, wallahi sai da idona ya ciko. Abin da Faraday ya gano a 1831, cewa maganaɗisu mai motsi na haifar da wuta a waya, shi ne dai ke aiki a injina huɗu na madatsar Lagdo, masu megawat 72 gaba ɗayansu. Na girma da wutar Lagdo, na ci abinci da ita, amma sai a lokacin na san ta.

Ba zan ɓoye wahalar ba. Probatoire da Bac, jarrabawar ƙarshen sakandare da ake shiga jami'a da su, da dare na karanta su, bayan an rufe shago. Sefa 50,000 na rajista a shekara ba shi ne nauyin ba, nauyin shi ne cinikin da ka bari, ga iyali. Sai lissafi. Yaran da na girme da shekara goma su gama aiki ina layi na biyu. Shekarar farko na sha ɗaure jakata da niyyar komawa gida. A ɗakin gwaji kuwa, inda ake haɗa waya da awon wuta, wurina suke zuwa. Muka yi musaya, su koya mini lissafi, ni in nuna musu yadda ake riƙe na'urar awo ba a ƙona ta ba.

Abin da ya sa nake nacewa shi ne sola. An kafa manyan tashoshi a Marwa da Guider, unguwanni ma sun cika da farantan sola. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti a zafin digiri 25 aka auna shi, kuma yana raguwa in faranti ya yi zafi. A Garwa, watan Afrilu, iska kanta ta wuce 40. Sai ka ga an manna shi a kan kwano, ba wurin da iska za ta bi ta ƙasa, batir ba ya cika, mai gida ya ce an sayar masa da jabu. Mai haɗawar ba mugu ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa.

Iyayenmu masu shago, don Allah in yaro ya cika tambayar "me ya sa", kada a ce masa ya cika surutu. Ku sake shi da wuri ya je darasin dare. Ku kuma ƙannena masu CAP, littattafaina na Probatoire suna nan a shago, mai so ya zo ranar Juma'a bayan la'asar mu fara da lissafi.