Ranar da Na Zama Gawa Saboda Maki Talatin

A zangon karatun da ya wuce ne malaminmu na kwas ɗin yaƙi da ta'addanci ya ce ba zai yi mana gwajin rubutu ba, atisaye za mu yi, kuma maki talatin ne a kansa. Ya ce haddace dokar hana ta'addanci ta 2022 da lambar gaggawa ta 112 ba su da amfani ga wanda bai san ƙofar da zai fara rufewa ba, ya kuma tuna mana harin Jami'ar Garissa ta Kenya a 2015, inda aka rasa mutum 148, galibinsu ɗalibai. Aka kasa mu gida-gida: cibiyar ba da umarni, 'yan sanda, jami'an hukumar agajin gaggawa ta NEMA, 'yan jarida, sai mahara huɗu masu riƙe da sandunan goge-goge a matsayin bindigogi.

Ni dai na sa rai da kwamanda, har farar shaddata ta Sallah na saka. Amma shugaban ajinmu ne ya raba ayyukan, kuma kowa ya san abin da ke tsakaninmu tun rikicin kuɗin fotokofi. Takardar da ya miƙo mini cewa ta yi: wanda harin ya rutsa da shi na bakwai, ba ya motsi, ba ya magana.

A ƙa'idar tantance waɗanda suka jikkata, wanda zai iya tafiya da ƙafarsa kore ake ɗaura masa, wanda zai iya jira rawaya, wanda ke bakin mutuwa ja, wanda ya riga ya cika kuwa baƙi, kuma ba a sake waiwayarsa sai an gama da masu rai. Ɗalibar da ke tantancewa ko numfashina ba ta duba ba, ta ɗaura mini baƙin ƙyalle ta wuce. Masu kore suka koma inuwar darbejiya suna shan fiya wata, masu ja aka kwashe su a kan benci, ni kuwa aka bar ni kwance a kan siminti gaban ɗakin lacca, da tsakar ranar watan Afrilu, bayan an tuttula mini zoɓo a ƙirji a matsayin jini. Zoɓon nan mai sukari ne, kuma har gobe ban yarda cewa kuskure ne ba. Ba a yi minti biyar ba cinnaku suka yi layi ta wuyan rigata, ƙudaje suka yi mini rumfa, ni kuwa na dake saboda Malam ya ce duk wanda ya fita daga aikinsa ya zubar da makinsa.

Aikin cibiyar ba da umarni ne ta sanar da masu gadi cewa atisaye ake yi, amma suna can suna musu a kan ko 'yan sanda ne ke da jagoranci ko jami'an farin kaya. Sai ga Baba mai gadi ya ɓullo ta bayan ginin, ya yi turus, ya saki salati. Ya durƙusa, ya shafe mini idanu da yatsunsa masu ƙanshin goro, ya shimfiɗa mini sallayarsa a fuska, sannan ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji: “Allah sarki, yaron nan! Ba ya gaida mutane, amma Allah ya jiƙansa.”

Wannan magana ta fi cizon cinnakun zafi. Shekara uku ina shiga ta ƙofarsa, kuma babu safiyar da ban ce masa “Baba ina kwana” ba, sai dai ranakun da rediyonsa ke manne da kunnensa, waɗanda su ne mafi yawa. Da azumin bara har dabino na kai masa.

Ina cikin wannan takaici wayata ta ɗauki ƙara a aljihu. Baba ya zaro ta, ya ga sunan Hajiya, na ji ya gyara murya irin ta mai shirin isar da saƙon rasuwa. A nan na auna maki talatin da hawan jinin mahaifiyata, na cafke masa hannu na ce, “Baba, don Allah kada ka ɗauka.” Ya yi wurgi da wayar, ya maka mini sandarsa a gwiwa, ya bar takalmi ɗaya a wurin, bai tsaya ba sai da ya garƙame babbar ƙofa da kwaɗo. Masu ja suka tashi zaune a kan bencinsu suna dariya, maharan suka zubar da sandunansu, 'yan jaridarmu kuma, waɗanda tun safe ba su samu labari ba, suka ɗauki komai a waya.

Da aka zo bitar atisayen, Malam ya ce Baba kaɗai ne ya yi abin da ya dace, tunda shi ne ya rufe ƙofa. Ni ya ba ni goma sha ɗaya, ya rubuta a gefe cewa gawa ta yi magana. Shaddar tana wurin mai wanki karo na uku, Baba kuma yanzu daga cikin ɗakin gadi yake amsa gaisuwata, ta taga.