Ba kowace olsa ce olsa ba

Wallahi wani labari da na ci karo da shi kan gwajin ƙwayar gado ga masu ƙari a hanji da fankiriyas (wata gaɓa a ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci) ya taɓa ni sosai. Yayana shekara da shekaru ana ce mishi olsa ce, ya sha maganin olsa na omeprazole har ya gaji ga tsakuwar ƙoda tana ta dawowa, sai daga baya wani likita ya lura kalsiyam ɗinshi ya hau a jini shi ne fa aka gano ƙari ne yake sa cikinshi zubo asid babu ƙaƙƙautawa. Ashe akwai wata ƙwayar gado MEN1 da ke kan kuromosom na 11 (ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da gado a jikinmu), aikinta taka wa ƙari birki, in ta lalace sai ya fito a fankiriyas ko maƙogwaro ko ƙasan ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi tayar min da hankali, tunda ta yayana ta lalace, kowane ɗan da ya haifa yana da kashi 50 cikin 100 na gadon lalatacciyar, yaranshi huɗu fa. Don Allah likitocinmu, in kun samu mutum ɗaya mai wannan matsalar ku ce a kawo 'yan'uwanshi da yara, ko gwajin kalsiyam ne a fara da shi tunda na gadon akwai tsada. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.